Marigayin Da Ke Kan Benci

A ɗakin jiran likitan ido, inda nake zuwa ni kaɗai tun rasuwar matata, wani tsoho ya tsare saurayi mai rigar gidan rediyo.

"Kai yaro, ku ne masu shirin 'Muryoyin Marigaya'?"

"Mu ne, Baba. Tsofaffin waƙoƙi zalla. Kana saurare?"

"Ina saurare mana. Jiya kun sa waƙata, har kuka roƙa mini Aljanna."

Saurayin ya gyara zama. "Subhanallahi! Ashe kana nan?"

"Ga ni kuwa. 'Yata ta bugo waya tana kuka. Masu biki sun daina kirana. Wa zai gayyaci gawa?"

"Yi haƙuri, Baba. Da muna kiran shirin 'Waƙoƙin Da', ba mai kulawa. Muna canja suna, masu talla suka yi layi."

"To ku faɗa wa duniya ina raye!"

"Za mu faɗa, amma fa sai an cire ka daga shirin. Filin masu rai na yara masu tashe ne."

Tsohon ya daɗe yana kallon sandarsa, sannan ya rage murya.

"Ɗana, kar ka gaya musu ka gan ni."