Maigidana Ya Ƙi Koyon Gyaran Sola

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Daga Taloka nike rubutowa.

Maigidana makanikin injin ban-ruwa ne, na fetur. Da manoma sunka koma sola, anka kira makanikai horo a Goronyo, ya ce shi ya wuce zama ɗalibi. Ranar da injin sola na baffansa ya tsaya, ya buɗe shi da tsohon saninsa, ya ƙone shi. Albasar Baffa ta bushe a fadama. Yanzu ba mai kawo mishi aiki, ya ce Kudu za shi.

A littattafan da nike karantawa, mace kan lallashi miji ya sauko. Na gwada, ya ce, "Ke mi kinka sani ga inji?"

Cikina ya tsufa. Masu sauraro, mi zan ce mishi ya je ya koya, ya zauna gida?