Na Shuka Rabin Maganina

Assalamu alaikum, mai gabatar da shirin lafiya, barka da aiki. Garba ne manomi daga Jajaye, ƙasar Rogo.

Na daɗe ina fama da taurin bayan gida, har sunkuyon noma ya fara gagarata. Ƙanwata Ladidi ta aiko mini daga Kano da wasu ƙwayoyi masu sheƙi, kamar riɗi amma ja-ja, wai sunansu bazarul kattan. Ni kuwa in na ga iri, hannuna shuka kawai ya sani. Na zuba rabi a gefen gyaɗata.

Da na faɗa mata a waya, ta yi dariya har da tari. Ta ce, "Yaya, ci aka ce ka yi. A daka, cokali guda a kunu, ka yawaita shan ruwa."

Haka na yi da sauran. Alhamdu lillahi, ciki ya saki, na koma gona garau.

Tambayata, Malam: wanda na shuka har ya yi fure shuɗi. In ya nuna, zai ciwu kamar na Kano? Ka amsa da wuri, don maƙwabtan da suka yi mini dariya yanzu iri suke roƙo.