Gyalena da Sarƙar Babur a Hanyar Tsafe

Ina gaishe ku, iyayena da 'yan'uwana mata, cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Ni ce Saratu, matar Malam Ayuba mai ba da magani a ɗakin shan maganin mishan na Bungudu. Na san wasunku sun ji an ce na mutu a hanyar Tsafe, har akwai waɗanda suka je gidanmu da niyyar gaisuwar mutuwa. To ga ni tsaye a gabanku.

Bara aka ba maigidana babur don ya riƙa zaga ƙauyuka da magani. Kun san yadda abin yake, in ya tayar da shi sai mutane su fito ƙofar gida suna kallo. Ni ban taɓa hawa ba. Da Inna mahaifiyata ta aiko daga Bilbis cewa ƙafarta ta hana ta tafiya, a kai mata jikarta ta gani, sai Malam ya ce mu tafi a babur, kafin azahar mun isa.

Murna ta kama ni. Na ɗaura sabon zane, na goya jaririyata, 'yar farina, na ɗaure ta tam da majanyi. Na yafa dogon gyale, na zagaya shi a wuyana don kada iska ta ɗauke. Ban san ajali nake naɗa wa wuyana ba. Babu wanda ya taɓa faɗa mini, shi ma Malam bai sani ba.

Muka wuce Gusau lafiya. Mun yi nisa a hanyar Tsafe, gargada tana ta jijjiga mu, sai ga wata babbar motar 'yan kasuwa a bayanmu. Direban ya fara danna hon. Ya danna, ya sake dannawa, bai fasa ba.

Malam ya ɗaga murya ya ce mini, "Riƙe ni da kyau, mutumin nan so yake ya ture mu daji!"

Sai ya ƙara wuta.

'Yan'uwa, abin da na sani kawai shi ne wani abu ya fizge ni ta wuya da ƙarfin da ban taɓa jin irinsa ba. Sama ta koma ƙasa. Na ji ƙarar ƙarfe yana gurzar tsakuwa, na ji mata suna salati, sai komai ya yi tsit.

Da na buɗe ido, tayar motar nan tana dab da fuskata. Ina jin zafinta a kumatuna! Numfashi ya ƙi fita. Wani dattijo mai gemu ya durƙusa a kaina da wuƙa a hannu, na ɗauka yanka ni zai yi. Ashe direban ne, gyalen yake yankewa daga wuyana. Bakin gyalen ne ya shiga sarƙar babur ya nannaɗe.

Na kai hannu bayana. Babu goyo!

Wayyo Allah! Na buɗe baki in yi ihu, ko sauti bai fito ba. Na ga Malam can gefe, jini ya rufe masa ido, yana rarrafe yana lalube cikin ciyawa. A zuciyata na ce, "Yesu, ba ni da murya, amma kana ji na. Ka ɗauke ni, ka bar yarinyar nan."

Wata Bafulatana daga cikin fasinja ce ta tsallaka gonar dawa ta bakin hanya, ta sunkuya tsakanin kunya biyu, ta ɗago 'yata. Yarinya shiru, ba motsi. Matar ta hura mata iska a fuska, ta murza tafin ƙafarta. Mutane duk suka yi cirko-cirko. Can sai yarinyar ta tsala kuka!

Ban taɓa jin abu mai daɗin kukan nan ba. Ƙasar gonar mai laushi ce, an yi ruwa da safe. Ƙujewa kaɗai ta samu a kafaɗa.

Direban, Malam Garba sunansa, mutumin Wonaka, ya juya motarsa da fasinja da kaya duka ya mai da mu asibiti a Gusau. Ina kwance a gaban mota ina jin su da maigidana.

Malam Ayuba ya ce masa cikin kuka, "Baba, me ya sa ka kore mu haka?"

Ya ce, "Subhanallahi! Malam, ba korarku nike ba. Tun daga nesa nig ga tufan matarka na lilo bakin taya. Tsayawa nike son ka yi, sai ka ƙara gudu. Shi ya sa nij ja baya, ƙafata na bisa birki. Da na biyo ka kusa, wallahi da yanzu wani zance ake."

Maigidana ya rufe fuskarsa.

Ku duba wannan al'amari! Mutumin da muka ɗauka zai hallaka mu, shi Ubangiji ya sa ya tsare mu. Musulmi ne, bai san mu ba, ya bar kasuwarsa ta ranar, ya zauna a ƙofar asibiti har aka ce masa ina numfashi sosai.

Amma murya ba ta dawo ba. Baturen likita ya duba maƙogwarona, ya gaya wa Malam cewa ba lalle in sake magana ba. Aka sallame ni na koma Bungudu bebiya. In 'yata ta yi kuka, sai dai in jijjiga ta, ba halin rarrashi da baki. In ana waƙa a majami'a, ni hawaye nake yi. Ba zan ɓoye muku ba, akwai ranakun da ko a zuci na kasa addu'a. Damina ta wuce, aka yi girbi, ina nan haka.

Wata ranar Laraba matan zumunta suka zo ɗakina, har da surukata. Inna Rifkatu, tsohuwar da ke jagorantar mu, ta ɗora hannunta a kan tabon wuyana ta ce, "Ya Uba, kai ka ƙera maƙogwaron nan. Ba mu zo da dabara ba, roƙo muka zo yi." Suka daɗe a durƙushe.

Muna cikin haka, na ɗaga ido na hangi yarinyar ta rarrafa ta fita tsakar gida, ta nufi murhu, tukunya tana tafasa.

"Maryamu!"

Ni ce na faɗa. Ni da ban taɓa kiran sunanta ba saboda kunyar 'yar fari, sai ga shi na ƙwala shi gaban surukata! Wata ta ruga ta ɗauke ta. Sauran suka daskare suna kallona. Inna Rifkatu ta ce, "Saratu, sake faɗi." Na sake. Ɗakin ya kaure da kuka da dariya da Halleluya!

Yanzu ina roƙonku abu ɗaya. Baburan nan ƙaruwa suke yi, gobe mazanku da 'ya'yanku za su hau. Mace in za ta hau, ta tattare zane da gyale ta cusa, kada ta naɗa komai a wuya. Ni kam ba na ƙara hawa da goyo, gara in jira mota. Malam yanzu ba ya tashi sai ya zagaya ya duba wanda ya ɗauko, ya kuma daina hawa da hular zanna, hular kwano mai tauri yake sawa. In mota ta matsa masa da hon, sauka yake gefe ya tsaya, ya ji abin da ake faɗa masa. Masu 'yan'uwa direbobi kuma, ku ce musu su riƙa barin tazara. Tazarar da Malam Garba ya bari, ita Ubangiji ya yi aiki da ita.

Na gode wa Yesu da ya ji ni lokacin da mutum ba ya iya ji na. Ke da ke zaune nan da abin da ya toshe miki baki, wanda ba ki iya faɗa wa kowa ba, ki faɗa masa ko a zuci ne. Yana ji. Ku taya ni yi masa godiya. Amin.