Igiya Mai Ƙulli Goma Sha Biyu

Kuɗin motata falle biyu ne na kwanon rufi. Mma ce ta ɗauke su a ka ta kai kasuwar Bawku ta sayar, ta ƙulle kuɗin a tsumma ta miƙo mini. Ku matso. Kai Isaka, bar taɓa rediyon nan. Tunda kun ce Kumasi za ku, ku ji yadda tawa tafiyar ta kasance.

Kwanon nan da cinikin koko da ƙosai ta tara shi, falle-falle. Abu ɗaya take so a duniya: ta bar ɗakin ciyawa mai yoyo, ta kwana a ɗaki mai kusurwa huɗu, ta ji ruwan sama yana dukan kwano. Ni kuma na ce zan gina mata, gini ai ba karatu ba ne. Na gina da ido. Ranar rufi kafinta ya hau, ya ɗora falle ɗaya, nan ya yi saura, can ya gaza. Ya sauko ya ce, "Salifu, wannan ɗaki ne ko akurkin kaji?" Damina ta zo ta cinye bangon. Mma ba ta yi faɗa ba, cewa ta yi, "Je ka koyo, ka dawo ka yi mini." Sauran kwanon ta jingine a bayan gadonta.

Salaga na fara sauka, shekara biyu bayan yunwar nan da iyayenku suke ba ku labari. Na shiga hannun wani magini, mutumin kudu, Masa Kofi, haka suke faɗin Masta a can. Hausarsa babu mace babu namiji. Ranar farko ya daka mini tsawa, "Kawo tiri-fo-fai!" Na ruga wajen mai sayar da waake, wato wake da shinkafa, na aro tire na kawo masa. Lebura suka yi ta dariya har da zama a ƙasa.

"Uwanka ya aiko ka aiki ko cin abinci?"

Ashe uku, huɗu, biyar yake faɗa da Turanci, kuma igiya yake nufi. Igiya ce mai ƙulli goma sha biyu, tsakanin kowane ƙulli ƙafa ɗaya, an haɗe bakinta. Ka kafa turke, ka ja ƙulli uku ta nan ka kafa na biyu, ka koma ka ja ƙulli huɗu ta can ka kafa na uku. In ragowar biyar ɗin ta miƙe ɗam tsakanin turakun biyu, to kusurwarka ta zauna. In ta yi sako-sako ko ta ƙi kaiwa, ɗakinka akurki ne. Na tambaye shi dalili, ya jera bulo a ƙasa: uku sau uku tara, huɗu sau huɗu sha shida. Ya ce in haɗa. Ashirin da biyar. Ya ce biyar sau biyar fa? Na tsaya ina kallon bulon nan, na tuna bangon Mma, kunya ta kama ni.

Da hannuna na ƙulla tawa igiyar. Sati biyu da yin ta na dawo gida na tarar mai gidan hayarmu, wata tsohuwa 'yar Gwanja, ta ɗaura mata guga tana jan ruwa. Kun san Salaga da rijiyoyi.

"Mma Ajara, wannan ta awo ce!"

"Igiya igiya ne. Ka biya na ɗaki, ba ka biya na ƙusa da ka rataye shi ba."

Igiyar ta jiƙe ta miƙe, sai da na sake wata.

Daga nan aiki ya kai mu Yendi, shaguna da makarantar wani malami. Can hannuna ya faɗa. Tun ina ƙasa nake faɗin tsawon katakon rufi: rabin faɗin ɗaki ƙafa takwas, tsayin ƙololuwa shida, katako goma, a yanka. Tsani ma haka. Har mutane suka koma kirana Tiri-fo-fai. Kowace shekara sai in ce bari in gama wannan ginin in tafi in yi na Mma. Shekara huɗu ina faɗin haka.

Wata safiya a tsakiyar damina wani direban motar albasa ɗan unguwarmu ya same ni a kan gini. Ya ce, "Yayarka Azumi ta ce ka zo. Tsohuwa ba lafiya, tana kiran sunanka."

Na naɗe igiya na nufi tasha. To ku saurara nan. Hanya biyu ce. Ta farko ka yi yamma zuwa Tamale, ka karya ka yi arewa ta Bolga har gida. Ta biyu ka miƙe ta Gushegu da Nalerigu. Na durƙusa a tasha na zana da tsinke. Yendi zuwa Tamale, ka ce uku. Tamale zuwa sama, ka ce huɗu. Bakwai ke nan. Wadda ta ratsa kuwa biyar ce. Mai yankar tikiti yana tsaye a kaina.

"Masa, bi Tamale. Gobe da azahar kana gida."

"Biyar ta fi bakwai kusa."

"Masa, damina ne fa."

Na ce masa lissafi ba ya ƙarya. Kuma bai yi ba. Amma igiya ba ta san taɓo ba, ba ta san mota sai ranar kasuwa take bin wata hanyar ba. Motar Gushegu ta kafe sau uku, muka wuni muna turi. A Gushegu na kwana biyu ina jiran abin hawa. Kafin Nalerigu rafi ya cika ya shafe hanya, muka zauna a gaɓa muna kallonsa, ni da mata masu kaji. Ƙarshe a bayan tarakta na gangara dutse. Kwana huɗu.

Na shigo gidan nan da hantsi, na ga tabarmi a ƙofa da takalma da yawa. Yaya Azumi ta fito, ta dube ni, ta dubi igiyar da ke kafaɗata.

"Jiya da la'asar aka kai ta. Ta ina ka biyo?"

"Ta gajeriyar hanya."

Ta juya ta koma ciki. Ni kuwa ban yi kuka ba, gaskiya ban ji komai ba. Na zauna ana miƙo mini hannu ina karɓa, ƙafata duk taɓon Gushegu. Da na leƙa ɗakinta, kwanon yana nan a bayan gado, ta lulluɓe shi da tsohon zane don kada ya yi tsatsa.

Bayan sadakar arba'in na kafa turaku. Ban koma Yendi ba. Na sayo falle biyun da ta sayar, na cike, na rufa.

Shi ne wannan ɗakin da kuke zaune a ciki. Isaka, ga igiyar can a ƙusa, ɗauko ka gwada kowace kusurwar da ka ga dama. Uku, huɗu, biyar, ba ƙari ba ragi. In ana ruwa nakan shigo in zauna in ji yana dukan kwanon. Ƙara ce kawai.