Goron Sabon Famfo

A bakin sabon famfon unguwar Maamobi na ji su, wani tsoho riƙe da ƙunshin goro da wata mai sayar da koko.

"'Yata, wane attajiri ne ya kawo mana ruwa? Godiya na zo yi."

"Ba attajiri ba ne, Baba. Gwamnati ce ta ba majalisar gari kasonta na kuɗi, su kuma suka ja famfo."

"Ikon Allah. Ruwa daga ƙarfe, babu guga. Ita gwamnatin a ina ta samu?"

"Harajin da muke biya mana."

Tsohon ya daɗe yana kallon ruwan.

"Shekara uku ina ɓuya a bayan gida in masu karɓar harajin lampo sun zo." Ya miƙa mata goron. "Ke kin biya. Karɓi, ruwanki zan sha."