Ƙwaƙwalwar Yashi

A ɗakin jiran jirgi na Rigasa, Malam Datti, tsohon direban tifa, ya leƙa wayar budurwar da ke gefensa.

"'Yata, wannan jan layin fa?"

"Hannun jari ne, Baba, a kamfanin da ke ƙera ƙwaƙwalwar waya. Keken ɗinkina na sayar na saya. Yau ya faɗi, amma zai tashi. Dole ma ya tashi."

"Da me suke ƙera ta?"

"Da yashi, bayan an tace shi."

Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. "Shekara talatin ina kwasar yashi a Kogin Kaduna, ban san yana tunani ba."

"Za ka saya ne?"

"A'a. Kewar kogin ce kawai ta kama ni."