Tsarabar Ranar Kasuwa

Assalamu alaikum mai gabatar da shiri, sannu da aiki. Sunana Sanusi, ɗan kabu-kabu daga Gidan Amumune.

Kun san uba ba ya dawowa daga kasuwa hannu rabbana. Tsarabar da na saba wa ɗiyata Hadiza ita ce garin lemon nan mai kala na cikin leda. Ba ta ma dama shi, a tafin hannu take zubawa ta lashe. Bana mushenta na lakwal, wato malamin makarantarsu, ya kira ni, ya ce ba ta zama wuri guda, karatu ba ya shiga. Da na kai ta wurin likita, ya ce ba zai rantse ba, amma kalar lemon tana iya taɓa ƙwaƙwalwar yaro, gara in daina.

Na koma sayo dabino. Yarinya ta yi ta kuka, mahaifiyata ta ce, "Sanusi, rowa ka koya? Wa lemo ya taɓa kashewa?" Yanzu ita ke sayo mata a ɓoye.

Wallahi na gaji. Masu sauraro, yaya ɗa zai hana uwarsa abu bai saɓa mata ba? Yau ma da Hadiza ta gaishe ni, harshenta ja wur yake.